Rasit na Biyu

A Surabaya, ruwa na dukan tagar aji.
Bu Sulastri ta zazzage kwalin rasitai a tebur,
na wani kamfanin taliya da ya daɗe da mutuwa.
"Ku nemo min inda ciwon ya faro."

Hendrawan ya ɗaga hannu, jiki na rawa:
buhun fulawa arba'in, an biya sau biyu.
"Ɓarawo!"

Ta cire tabarau.
"Ka leƙa sito? Ka ƙirga?
Ka tambayi mai makulli?
Takarda ba ta rantsuwa, ɗana.
Sa hannun nan na mahaifina ne.
Idonsa ya soma gazawa,
shekara tara ba mai sake duba lissafinsa."

Aji ya yi tsit.
Ta miƙa masa rasit na gaba.