Gidan Arzika

Shekara goma sha ɗaya ina awon aya a kasuwa,
tiya bayan tiya,
har yatsuna suka iya lissafi ba da sanina ba.
Abin da ya ragu Tsahara ta ƙulle a haɓar zane,
abin da ya ƙaru na zuba adashe.

Ran da Nomau dillali ya ce akwai gida a Bagalam,
ɗaki uku, rijiya, da dogon yaro a tsakar gida,
kuɗinsa kamar an yi ɓatan baki,
ban tambayi dalili ba.
Na san araha ba ta ado,
amma ɗan haya ya gaji da ado, rufi yake nema.

Magada huɗu suka dangwala yatsa,
na biyar ya yarda ta waya daga Agadas.
Aka shafa fatiha,
aka miƙo makulli ɗaure da tsumma.
Babbansu ya tashi da sauri
kamar wanda ya baro madara a wuta.

Na ga jan fenti a katanga, an gicciya shi,
na ce aikin yaran unguwa ne.

Sai ran Talata, a ofishin magajin gari,
na je a sauya suna.
Ma'aikacin ya lashi yatsa, ya buɗe littafi mai ƙamshin gara,
ya bi layi da bayan alƙalami, bai ɗago ba.
Ya ce: lanhon gida, shekara tara.
Ya ce: kowace shekara da tararta.
Ya ce: katangarka ta ci hanya taku uku,
ta toshe magudana,
duk damina ruwan layinku a ɗakin maƙwabci yake kwana.
Na ce ban fi kwana shida da sayen gidan ba.
Ya ce ba kai ake bi ba, malam,
gidan ake bi,
kai dai ka shigo cikinsa.

Na tara, na tara,
ashe wa tara nake tarawa.

Nomau ya ce shi dillalin gini ne, ba na takarda ba.
Wayar babban magaji ta koyi magana ɗaya:
a sake gwadawa an jima.
Bashi hanji ne, in ji mutane, yana cikin kowa.
Ban san gida ma yana da ciki ba.

Da muna share ɗakin ƙurya
Tsahara ta zaro gwangwanin madara daga saman azara.
Takardu ne a ciki, goma sha huɗu,
masu hatimi, an ninke su ɗaya bisa ɗaya,
an ɗaure da zaren buhu kamar laya.
Malam Arzika bai yaga ko guda ba.
Bai iya karatun Nasara ba, in ji maƙwabta,
ya dai san launin abin da yake tsoro.
Na zo da zagi a bakina,
na zauna bakin ƙofa na haɗiye shi.
Shekara tara tsoho yana barci
da wannan a saman kansa.

Ban jira katafila ba.
Ni da ƙanena Barmo muka rushe katangar da hannunmu,
muka ja ta baya taku uku,
tubalin da bai fashe ba muka mayar.

Yanzu duk ƙarshen wata ina kai jikka goma sha biyar,
ina biyan kuɗin dararen da wani ya kwana.
Takarda har yau sunansa take kira,
ƴan unguwa ma haka:
ina za ka? Gidan Arzika.

Dogon yaron kuwa ya koma waje.
Mai gyaran keke ya kafa a gindinsa,
mata masu dawowa daga gulbi suna sauke kaya su sha iska.
In na fito da asuba nakan taɓa jikinsa,
in ce ladan inuwar nan a kai wa tsohon,
ni a bar mini rasit.