Ƙugiyar Baba Jatau

Malama Nanret ta ce mako shida ta ba mu,
kowa ya ƙera nasa baƙaƙen, daga A zuwa Z.
Na ɗaga hannu: namu ba su ƙare a nan ba,
akwai huɗu da ake bari tsaye a bakin ƙofa.
Ta cire tabarau ta ce, to, ki shigo da su.

A kwamfutar sashenmu na buga sunana, Ɗayyiba,
sai wani akwati fanko ya zauna a mazaunin Ɗ,
kamar tagar gidan da masu shi suka ƙaura.
Shekara ashirin da biyu ana sauke mini ƙugiya
a katin asibiti, a takardar jarrabawa,
ina amsawa.

Ranar Asabar na bi Taminus da wayata a hannu,
ba cefane ba, farautar haruffa.
S ɗin mai shayi ta sha hayaƙi har ta rame.
M ɗin mai gyaran takalmi ta buɗe ƙafa ta zauna.
A Farin Gada, bayan wata roka mai lodin kabeji,
BA A ƊAUKAR FASINJA, da ja da ruwan ɗorawa,
Ɗ ɗin nan ta karkato kai kamar za ta gaishe ni.
Na tambayi yaron mota, hannun wa ke nan?
Ya ce je ki Dilimi, ki nemi Baba Jatau.

Na same shi cikin gwangwanayen fenti,
yana wanke burushi da kananzir.
Ya duba zanena, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, wannan ƙugiya hular aro ce,
ɗora ta kika yi.
Ba a liƙa ta, 'yata. Daga sandar take tsirowa,
yadda wuya ke juyawa in an kira ka daga baya.
Ya tsoma, ya ja sau ɗaya a bayan kwalin taliya,
numfashinsa a riƙe har gashin burushi ya tashi.

Sannan ya sa ɗan yatsa tsakanin baƙi da baƙi:
nan aikin yake.
Ki matse su, su yi faɗa.
Ki nisanta su, kalma ta mutu.
Ya dubi tsallaken kogi, unguwar da ya daina zuwa yin allo,
ya ce garin nan ya san zancen tazara,
ya koma wankin burushinsa.

Daren nan ruwan Agusta ya sauko da ƙanƙara,
wuta ta ɗauke, yatsuna suka ƙage don sanyi.
Da tocilan a baki na zana ƙ arba'in da ɗaya.
Wata ta yi kama da lauje, wata da marikin lema,
ta talatin da tara ce ta fara kallona.
Inna ta leƙo ta ce, duk wannan a kan ɗan lanƙwasa?
Na ce Inna, shi ya raba baki da baƙi,
shi ya raba kasa da ƙasa, bari da ɓari.
Ta ce to, ki dai rage mini batir.

Ranar gabatarwa Malama ta bi bango a hankali.
Ta ce ƴ ɗinki ta cika jingina, tazarar r da a ta yi yawa.
Gaskiya ce. Sittin da takwas ta ba ni.

Na kai wa Baba bugu ɗaya, sunansa a sama.
Ya riƙe shi nesa da ido, ya matso da shi,
ya ce ɓ ɗin nan tana da ciki, amma ta tsaya.
Ya kafe shi da ƙusa kusa da kalandar bara.

Da dare na sake buga sunana.
Taga ta buɗe, da mutum a ciki.