Mai Kifi a Gindin Gada

Sunana Aaltje. Shekara talatin
ina tallan kifi a gindin gadar nan ta Haarlem,
idon kowa a kan kwando yake tsayawa.

Sai ga yaron nan, Sijbrand,
gemu bai gama tsiro ba,
yatsu baƙi ƙirin da alli.
Ya ce, "Iya, tsaya yadda kike."
Na ce, "Ɗan nan, ai tsayuwa ce sana'ata."

Zan gyara kallabi, ya hana.
Na ɓoye hannun da gishiri ya tsattsage,
ashe hannun yake nema.
Iskar teku na fizgar takarda,
ya danne ta da gwiwa,
alli na ƙaras-ƙaras kamar ɓera cikin buhu.

Shekaranjiya Tijmen makaho ya zana,
har da karensa da tsagaggen takalmin katako,
ya biya shi da rabin burodi.
Ni kwabo biyu ya miƙo.
Na san kuɗin tuwon darensa ne, na karɓa.

Da ya juyo min takardar
ban ga kaina ba.
Uwata na gani,
ranar da jirgin babanmu bai dawo ba:
doron nan, leɓen nan da ta cije.
Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa fari fat,
sai ka ce dusar ƙanƙara ta haɗiye ni.

An ce yanzu attajirai ke layi a ƙofarsa,
yana zana su cikin siliki.
Allah ya ƙara.
Ni dai ina bin sa bashin ƙafafu biyu.