Launin da Ƙashi Bai Faɗa Ba

Takardar ta iso ran Talata,
iskar Patagoniya na neman fizge ta daga hannun mai kawowa.
Na buɗe ta a bakin ƙofa, da fenti a yatsuna:
ni aka ba kyautar zane ta bana.
Ni, Osvaldo Quilodrán,
da na ci shekara talatin ina rubuta "Nama" da "Burodi" a goshin kantuna.

Kuɗin ba su kai a yi musu shela ba.
Gidauniyar ma ta wata tsohuwar malama ce
da ta koyar da labarin ƙasa har ido ya gaza.
Ta rasu ba ɗa ba jika,
ta ce a sayar da gidanta, a riƙa gutsurawa duk shekara,
rabi ga masu tono, rabi ga masu zanawa.

Rabon masu tono, Ernestina Paillalef ta same shi bara.
Ya ƙare a man fetur, da buhun filasta goma sha biyu,
da tayar da tsakuwa ta yaga,
da ɗan hasafi ga Aurelio makiyayi,
wanda akuyarsa ta yi tuntuɓe
da abin da ya zaci kututture ne.
Ƙashin cinya ne.
Ernestina ta kwanta gefensa aka ɗauki hoto,
ƙashin ya ɗara ta da taƙi guda.

Wata tara tana kankare dutse da allura,
tana hure ƙura kamar mai fifita kunun jinjiri.
Ta shimfiɗa min su a tebur: haƙarƙari bakwai, guntun ƙugu,
gaɓoɓin wuya da ba su cika ba.
Ta ce, "Ƙashi ba ya ƙarya, Osvaldo,
sai dai ba shi da surutu."

Na ɗaga wuyan sama don ya yi kwarjini.
Ta sa yatsa a takarda: "Da ya karye."
Na sauke. Na ƙara masa tsoka a kafaɗa.
"Wannan sa ne ka zana."
Na yi fushi kwana uku.
Ran na huɗu na tafi mahauta,
na zauna ina kallon yadda jijiya ke riƙe gwiwa,
na bi jiminar daji da ido har ta ɓace,
na kwanta rub da ciki gaban ƙadangare
maƙwabta na leƙe ta taga.

Sai muka zo kan launi.
Ta ajiye ƙoƙon mate ɗinta, ta daɗe shiru.
"Nan iyakata," in ji ta.
"Shekara miliyan casa'in sun cinye fatar.
Daga nan kai da amanarka."

Ban yi barci ba daren nan.
Mai rubuta allon kanti in ya yi kuskure, mai kanti zai biyo shi.
Wannan fa, wa zai biyo ni?
Na ɗebo jan tsaunukanmu na bayan la'asar na shafa a gadon bayansa,
cikinsa na ba shi tokar murhu.
A ƙasan hoton na rubuta da ƙananan baƙaƙe:
ƙashin gaskiya ne, launin zato.

Ranar buɗewa, gidan tarihin ɗaki biyu ne kacal,
yaran makaranta suka cika shi da takalma masu laka.
Wata yarinya ta auna kanta da ƙafar dabbar daurin,
ta tambaya ko tana cin mutane.
Ganye take ci, aka ce mata. Ba ta ji daɗi ba.

Aurelio ya zo a makare, da hula a hannu.
Ya tsaya gaban hoton har aka fara kashe fitilu.
Ya matso, ya ce a hankali,
"Idon akuyata ka sa masa."

Ban musa ba.

Sauran kuɗin sun saya min buroshi shida,
sun gyara rufin da ke ɗiga kan takarduna.
Baɗi wani za a ba, haka malama ta tsara.
Ernestina kuwa ta koma kwarin tun jiya.
Ruwa ya zaizaye gangare,
wai wani abu fari ya leƙo.