Shuɗin Zare

Motar Tsahara ta zo da hantsi,
ja, gajera, cikinta na shafar ƙasa.
Bara aka koro ta daga Kwatano.
Ta jawo shuɗin zare a bayanta
tun daga Ali Ɗan Sofo
har garejinmu, gindin bedi.

Na ɗaga bonet, na nemi fistin, babu.
Maigida Nomau ya yi dariya, goro a kumatu:
"Wannan ba ta daka, Illa, niƙa take.
Ƙarfe ne mai kusurwa uku
yana juyi a ɗaki mai siffar kwanson gujiya,
kowace kusurwa da siririn haƙori
yana lasar bango."

Yana ta fara rufe masa ido,
da hanci yake aiki yanzu.
Ya tsuguna bayan salansa, ya ce in tayar.
Ya tara tafin hannu, ya shinshina.

"In fari ne mai kauri,
da ƙamshin alewar da ta kama a tukunya,
bai watse ba ko inji ya ɗau zafi,
ruwa ke shiga ɗakin wuta.
Leƙa lagireto, za ka ga kumfa.
In baƙi ne mai sa ƙwalla,
isansi ya yi mata yawa, ciro buji ka gani.
Wannan kuwa shuɗi ne, kaɗan, na safe.
Da gangan aka ƙera ta tana shan mai,
ɗigo-ɗigo, kamar man shanu kan tuwo,
kada haƙoran nan su ci bango.
Ran da ka ga ya zama hadari
in an saki totur a gangara,
ranar ka kira ni."

Sai ya tafi Tibiri gaisuwar rasuwa.
Kwana huɗu.

Tsahara ta dawo ranta a ɓace.
'Yan kabu-kabu na yi mata ihu a mararraba,
litar mai ba ta kai mata ƙarshen wata.
Ta ajiye jika biyar kan bonet.
Ni kuwa na riga na ga siraran bututan,
na ga ɗan famfon da ke shayar da su.
Filaya ɗaya, guntuwar waya.
Na murɗe.

Hayaƙi ya ɗauke ƙaf.
Ta sa mini albarka har da iyayena.
Na sayi takalmi a babbar kasuwa,
baƙi, mai igiya.

Kafin gero ya nuna ta fara gardama:
da sanyin safiya ta tashi,
in ta ɗau zafi, sai turi.
Ran wata Laraba amalanken shanu ya jawo ta
daga hanyar Madarumfa,
Tsahara na biye a ƙasa, mayafi a baki.

Nomau ya cire buji, ya kara kunne.
"Juya makulli."
Numfashi uku ya kamata a ji, kai ɗaya.
Muka ji ɗaya.
Sai shiru. Sai shiru.
Ɗaya kuma.

Yatsunsa suka bi bututu kamar mai jan carbi
har suka tsaya kan wayata.
Bai zage ni ba. Da ya zaga, da na yi barci.
Ya warware ta a hankali,
ya buɗe tafina, ya saka, ya rufe.

Da muka farke injin
bangon ya karce kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Tana nan gindin bedi, muna jiran kaya daga Kwatano,
kaza ta yi ƙwai ƙarƙashin kujera.
Duk Juma'a ina kai wa Tsahara jika ɗaya,
tana karɓa, ba ta duban fuskata.
Takalmin yana matse ni.
Wayar tana aljihuna,
kuma duk motar da ta shigo,
kafin in taɓa sifana
sai na zagaya baya, na tsuguna.