Baƙuwar Fabrairu

Sha biyun dare ya buga a tashar jiragen ruwan Balparaiso,
na'ura ta yi tsalle kamar mai tsallake kwata,
daga ashirin da takwas ta dira ɗaya ga Maris.
Kwantena arba'in na inabi
suka tsufa da kwana guda a kan takarda.

Aka buga wa Eulalia waya.
Ta gangaro daga unguwar kan tudu da silifas,
kai ba gyara, kofi ya huce a hannu,
kyanwoyin kasuwar kifi na yi mata rakiya.

Ta buɗe cikin na'urar tana bi layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ga ɓarnar nan: wani da ya daɗe da ajiye aiki
ya yanka wa Fabrairu ashirin da takwas, ya ɗiga aya,
ya tafi cin abincin rana.

Na'ura ba ta ƙarya, ba ta kuma tambaya.
Ina ta san akwai rarar awa shida ba kaɗan
da shekara ke ƙullewa a bakin zane
sai ta taru ta isa yini?

Eulalia ta biya mata karatu:
in shekara ta rabu gida huɗu, buɗe wa baƙuwa ƙofa;
in ta rabu gida ɗari, rufe;
in ɗari huɗu ce, sake buɗewa, ki ba ta haƙuri.

Hannunta ya tsaya cak a layi na biyu.
Rosenda, kakar kakarta, a wannan rana aka haife ta,
saura shekara huɗu ƙarni ya juya.
Ta cika huɗu, aka ce ba bana ba.
Sai da ta yi wawulo, haƙora suka sake fitowa,
kafin kalandar bango ta san da zamanta.
An ce har ta tsufa ba ta yarda da alƙawarin gobe.

Da asuba allo ya nuna ashirin da tara.
Inabi ya koma shekarunsa.
Nibaldo mai tuƙa ƙugiya ya leƙo ta taga:
"Wai yau nawa ga wata?"

Ta haɗiye hamma, ta ce,
"Ranar Rosenda ce. Aro aka ba mu.
Loda kayanka kafin masu ita su zo."