Kalmar Kakata

A Arbroath, garin da hayaƙin kifi
ke kwana cikin rigunan mutane,
kakata Elspeth tana da kalma guda
da take juyawa kamar muciya a tukunya:
mind.

Da safe in zan fita makaranta
sai ta jefo mini ita daga ƙofar kicin,
nufinta, yi hattara da matakala,
ruwan dare ya sa mata santsi.
In ta saɓi jaka za ta kasuwa
sai ta bar mini ita tare da ƙanena Fergus.
A nan kuma raino ce,
kada in bari ya doshi murhu.

Baƙo ya zaro taba a ɗakinta,
ya yi tambaya da ita cikin ladabi:
ko hakan zai dame ki?
Ta ce a'a,
ta tashi ta buɗe tagogi uku.

Ranar da teku ta maido da jirgin kakana
babu shi a ciki,
maƙwabta suka cika gidan da shayi da shiru.
Kofi ya suɓuce mini, na tsaya jiki na ɓari.
Ta haɗa kalmar da wata, ta ce bar shi,
kofi ne kawai.
Sai da ta duƙa shara na ga hawayen.

Akwai ma'anar da 'yan Landan ba su sani ba.
A bakin mutanenmu, tunawa ce.
Kin tuna shekarar da ƙanƙara ta rufe tashar jirage?
Kin tuna Lachlan yana ɗinkin koma da haƙori ɗaya a baki?
Da ita tsofaffi ke kunce bakin hira a gaɓa.

Bara wani likita ya zaunar da mu,
ya juya biro, ya sake juyawa,
ya kawo ta ta fuskar da ban so ba:
hankali.
Ya ce nata ya fara yoyo.

Yanzu ni ke rainon.
Ni ke cewa yi hattara da matakala,
ni ke tambaya ko zai dame ki in taje miki gashi.
In miya ta zube a cinyarta, bar shi, Kaka.
Duk sun dawo hannuna kamar gado tun mai shi na raye,
saura guda da nake gwadawa kowace la'asar
da irin harshen gaɓa:
kin tuna ni?

Jiya ta daɗe tana kallona.
Ba ta ce Kirsteen ba.
Da na miƙe zan tafi ta riƙe hannun rigata,
ta furta kalmar, ita kaɗai, ba gaba ba baya.

Ban san wacce take nufi ba.
A waje ana yayyafi.
Na sauka a hankali.